Darasi: Yadda ake ƙirga shekaru a jikin lakar tsohon tafki

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Ga samfurin nan a gabana, na riga na tsaga bututun da aka ciro lakar da shi gida biyu. Laka ce daga kwarin kogin Kanetikat a Amurka, inda tafkin Hitchcock ya kwanta lokacin da ƙanƙarar da ta lulluɓe yankin take ja da baya, sama da shekara 15,000 ke nan.

Ɗauko wuƙarka ka kankare fuskar. A'a, tsaya, ba daga sama zuwa ƙasa ba! Bi layukan a kwance, in ba haka ba sai ka dama su kamar fura. Ni wuƙar kicin nake so, mai siririn baki.

Kun ga layi fari, layi baƙi? Farin nan rairayi ne mai laushi da ruwan narkewar ƙanƙara ya kwaso da bazara. Da hunturu kuma saman tafkin ya daskare, ruwa ya yi tsit, sai yumɓu ya sauka a hankali ya ba da baƙin. Fari da baƙi, shekara guda. Sunan abin varve, kalmar mutanen Suwidin ce, don Gerard De Geer, masanin ƙasa ɗan Suwidin, shi ne ya kawo wannan ƙirga, ya gabatar da ita a Stockholm a 1910. Ɗalibinsa Ernst Antevs ya ƙirga na wannan kwarin, ya fitar a 1922.

To ga inda ya taɓa wahalar da ni. Kada ka ƙirga fararen layuka. Ruwan sama mai ƙarfi guda ɗaya yana iya zubo da rairayi ya yi maka layi na ƙarya a cikin bazara ɗaya. Ranar farko na samu 47, malamina ya ƙirga 40, ya yi ta min dariya. Saman baƙin yumɓu za ka nema, inda ya yanke kaf kafin sabon fari ya hau. Nan za ka soka allura. Inda launi ya shige cikin juna sannu a hankali, wannan ba ƙarshen shekara ba ne, wuce shi.

In lakar ta jiƙe sharkaf, bar ta ta sha iska tukuna. Rairayi ya fi saurin bushewa, sai layukan su fito sarai.

Wannan tsakuwar kuwa, tudun ƙanƙara ne ya ɗauko ta yana yawo a tafkin, da ya narke ya sake ta. Dubi yadda ta lotsa layukan ƙarƙashinta. Ku danna mana alamar bibiya, sannan a miƙo min rula mu fara awo.