Ribon ɗin takalmin bale: wai ina ƙullin yake zama ne?

[takalmi a kan tebur]

To jama'a, tunda yayin takalmin bale, wato rawar nan ta ballet, ya shigo TikTok nake ta ganin abu ɗaya, yarinya ta naɗe ribon tun daga idon sawu har gwiwa kamar wadda aka yi wa ɗorin karaya. A hoto ya yi kyau, ban musa ba, amma 'yan rawa ba haka suke yi ba, duk naɗin a idon sawu yake ƙarewa.

Wannan shi ne takalmin da ake tsayuwa a kan yatsu da shi. Bakin nan mai tauri ba katako ba ne fa, yadi ne da takarda da gam aka jera. Kuma ko na kamfanin Freed kika saya ko na Bloch haka zai zo miki tsirara, ke za ki ɗinka ribon da kanki. Ki yanka shi gida huɗu, kowanne wajen santimita 55, ki kwantar da dunduniyar takalmin gaba, inda ta lanƙwashe nan za ki ɗinka, bakin ribon kuma ki ɗan haska masa ashana kar ya zare. Shikenan mun wuce nan.

[ƙafa a ƙasa]

Ƙafa a shimfiɗe, gwiwa ta ɗan yi gaba. Ribon na ciki shi ne farko, ki haye da shi saman ƙafa, ya zaga baya ya dawo. Na waje ya bi ta kansa, kin ga sun yi gicciye, shi ma ya zaga su haɗu ta ciki.

Yauwa, a tsaya nan, nan ne ake kwafsawa.

[kusa sosai]

Sa yatsa ki taɓa ƙashin idon sawunki na ciki, ki ɗan ja baya kaɗan kafin ki kai jijiyar agara, kin ji wani ɗan rami mai taushi? To gidan ƙullin kenan. Ba a baya kan agara ba, don duk lokacin da kika hau yatsu kika sauka wannan jijiyar ce ke aikin, in ƙulli ya zauna a kanta haka zai yi ta danna ta yana goga har ta fara ciwo, ke kuma ki ce takalmi ne ya matse ki alhali ɗaurinki ne. Kan ƙashin ma a'a, can kuma zai yi tudu kowa ya gani, ga zafi. Ramin dai, kamar don ƙullin aka yi shi wallahi.

Ƙulli biyu, ba irin na igiyar kambas mai kunnuwa ba. Sauran bakin ki naɗe ki cusa ƙarƙashin ribon daga sama, wasu har feshin gashi suke ɗan fesawa don kar ya leƙo ana tsakiyar rawa. Ni dai ba abin da ke ɗauke min hankali a kallo kamar wutsiyar ribon tana reto.

[ta miƙe]

Yanzu ki hau, ki sauka, ki lanƙwasa gwiwa. In ya shaƙe ki kwance ki sake, in ya yi sako-sako ma haka. Su kuma ƙanana masu ɗoki, hawa yatsu sai malama ta ce ƙafa ta yi ƙwari, galibi wajen shekara 11 zuwa 12.