Wai mai rubuta manhaja shi ma injiniya ne?

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa, in lokaci ya bari.

Na farko, sunan kansa. Mu nan Katsina ba ma rowar "Injiniya". Mai gyaran janareta a Ƙofar Ƙaura Injiniya ne, yaron da ke sauya gilashin waya shi ma Injiniya ne. (dariya) Shi kuwa sunan injiniyancin manhaja, wani taro da NATO ta shirya a Garmisch ta ƙasar Jamus a 1968 ne ya yayata shi, lokacin da manyan ayyukan kwamfuta ke cin kuɗi suna ƙin ƙarewa. Fata aka yi, kamar a raɗa wa jariri suna Nasiru tun bai ci nasarar komai ba.

To ku saurari wannan, don ni labarin ba ya isata. Ranar 4 ga Yuni, 1996, Turawa suka harba rokar Ariane 5 karo na farko. Ba ta cika daƙiƙa 40 ba ta tarwatse. Mene ne sanadi? Manhajar tsohuwar roka, Ariane 4, aka ɗauko aka sa mata. Akwai wani gurbi a ciki da ba ya ɗaukar lambar da ta haura 32,767. Tsohuwar ba ta taɓa kaiwa nan ba. Sabuwar kuwa gudunta a kwance ya fi, lamba ta yi girma, gurbi ya ƙi. Buhun gero aka juye cikin tiya! Buhu, jama'a, cikin tiya.

Kuma wai akwai na'urar ko-ta-kwana. Ita ma manhajar iri ɗaya ce, har ta riga babbar na'urar mutuwa. Ka ɗauko safaya, ashe ƙusar da ta huda tayarka tana jikinta. Wani abin takaicin, lissafin da ya kashe na'urorin biyu ba shi da amfani bayan roka ta bar ƙasa, barinsa kawai aka yi yana aiki. Mai ƙera gada ba zai ɗauko lissafin kwalbati ya...

Na'am, ɗana? Ɗaga murya.

(Wani ɗalibi: Malam, to wa aka hukunta?)

Yawwa, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Rahoton binciken tsarin ƙira da ƙarancin gwaji ya ɗora wa laifin. A nan gida in bene ya rufta, ana bin zane a ga hatimin wa ke jiki, COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, na iya janye rajistarsa. Kai kuwa in manhajar aika kuɗi ta haɗiye maka dubu 20, hatimin wa za ka nema? Tun ranar da ka sauke ta ka latsa "na amince" ba ka karanta ba. Ni ma ban karanta ba.

Ina ne ma muka tsaya, na biyu ko na uku? Ga ladan ya yi kiran la'asar. Maganar maginan hasumiyar Gobarau sai wani jiƙon.