Tsohuwar bindigar 'yan sandan Amurka: ina ake duba tsufanta?

[Hoto: bindigogi biyu a kan tebur, an cire gidan harsashinsu]

Jama'a, ga ƙananan bindigogi biyu. Duka samfurin Glock 22 ne, duka daga hannun 'yan sandan Amurka suka fito zuwa kasuwa. Ta hagu ta ƙuƙƙuje, baƙin fentinta ya koɗe a gefe. Ta dama kuwa tana ɗan sheƙi. Yawancin masu saye ta dama za su nuna, kuma dillali ma ita zai fi tsugawa kuɗi. To ku riƙe wannan zaɓin, yanzu za mu buɗe cikinsu.

Kafin nan, magana ɗaya: wannan kasuwar Amurka ce. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. Saboda haka wanda ke kallo daga Kano ko Sakkwato, ilimi ne kawai, kar ya tafi neman dillali.

Ta yaya ma bindigar hukuma ke zuwa shago? A watan Afrilun 1986 an yi wata musayar wuta a birnin Mayami, jami'an FBI, wato hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, biyu suka mutu, biyar suka jikkata. Hukumar ta ɗora wani ɓangare na laifin a kan harsashin 9mm, aka shiga neman wanda ya fi shi ƙarfi, har aka fito da harsashin .40 S&W a 1990. Ofisoshin 'yan sanda suka yi ta rububinsa, Glock 22, mai cin wannan harsashi, ta zama bindigar ɗan sanda a jihohi da dama. Sai kuma aka inganta harsashin 9mm, FBI da kanta ta sake shawara, a 2016 ta ba Glock kwangilar bindigogi masu cin 9mm. Ofisoshin 'yan sanda da yawa su ma suka koma 9mm. Ofis ya miƙa wa dillali tsofaffin, a rage masa kuɗin sababbi, dillali kuma ya sayar wa jama'a. Shi ya sa kasuwar ta cika da .40, shi ya sa kuma take araha.

Ba kowa ke murna da wannan ciniki ba. Wani binciken 'yan jarida da CBS News ta shiga ciki a 2024 ya gano tsofaffin bindigogin 'yan sanda sama da 52,000 da suka ɓulla a wuraren aikata laifi tun daga 2006, kuma akwai biranen da suka gwammace su narkar da nasu. Wannan bidiyo ne na daban. Mu koma tebur.

[Hoto: hannu yana cire gidan harsashi, yana jan murfin sama baya]

Abu na farko, ko da mai shago ya rantse maka babu komai a ciki: cire gidan harsashi, ja murfin sama, wato ƙarfen nan da ke rufe da bututu yana zamewa gaba da baya, leƙa da ido, sa yatsa ka taɓa. A Glock wannan ba wasa ba ne, domin sai an danna kunama kafin a kwance ta.

Yanzu ga inda mutane ke ruɗewa. Lalacewa iri biyu ce a jikin irin wannan bindiga, akwai ta ɗauka, akwai ta harbi, kuma ba wuri ɗaya suke fitowa ba.

Ku kalli ta hagu da kyau. Ina fentin ya koɗe? Kusurwoyin baki, nan da nan. Dogon layin nan a gefen murfi. Wannan aikin kube ne, wato gidan da ake rataye bindiga a ƙugu. Kullum a zare, a mayar, shekara da shekaru, roba mai tauri tana gogar ƙarfe. Ku juya ta. Kun ga mariƙin, gefe ɗaya ya sha duka, ɗayan kuwa lafiya lau? Gefen da ke kallon waje ke nan. Shi ke cin karo da ƙofar mota, da ƙarfen bel ɗin kujera, da bakin tebur. Har ma za ka iya gane mai ita da hannun dama yake aiki. Duk wannan bai taɓa aikin bindigar ba ko kaɗan. Ɗan sandan sintiri na iya rataye bindiga shekara goma, amma harbin da yake yi da ita bai wuce na jarrabawar da ake musu sau ɗaya ko biyu a shekara ba, kuma a wurare da yawa jarrabawar harsashi wajen 50 ce.

Sai dai kar a mai da wannan karatu doka. Akwai bindigar makarantar horo, wadda ɗalibi bayan ɗalibi ke harbawa. Akwai ta malamin harbi, akwai ta rundunar musamman. Waɗannan ba su cika kwana a kube ba, saboda haka waje fes, ciki kuwa ya sha wuta. Kamar motar ofis ce da aka yi gwanjonta: wata ta sha ƙujewa a wurin fakin amma ba ta je ko'ina ba, wata fentinta garau alhali injin ya gama yawo.

[Hoto: an kwance duka biyun, sassa a jere]

Ga bututun ta hagu. Ku dubi samansa, wurin nan mai kusurwa huɗu da ke shiga tagar murfi, inda kwanson harsashi ke fita. Baƙinsa na nan, sai ɗan layi siriri. Ku gangaro wajen baki: ɗan zobe mai haske, da kyar ake ganinsa. Duk harbi ɗaya, murfin sama na ja da baya ya gogi waɗannan wurare, don haka su ne ke ba da labarin yawan harbi. Ga na ta dama. Kun ga bambanci? Sama ya yi fari tas, zoben baki ya yi faɗi har ya zama biyu. Wannan ta yi aiki.

Ɗaga bututun sama, haska fitilar waya ta ɗaya bakin. Cikin Glock ba shi da zurfafan layuka irin na sauran bindigogi, a murɗe yake sumul, don haka kar ka ce ya cinye. Abin da kake nema shi ne ramukan tsatsa, ko wani zobe mai duhu da ke nuna bututun ya kumbura. In ka ga kumburi, ajiye ta, ka yi sallama da mai shago.

Sai cikin murfin. Fuskar nan da gindin harsashi ke jingina, a ta hagu zagayen da ya fito ɗan kaɗan ne, a ta dama ya kwanta sosai. Duba ramin da allurar da ke dukan gindin harsashi ke fitowa, kar a ga ya gutsure. Ga 'yar ƙugiyar da ke fizgo kwanso bayan harbi, bakinta ya kamata ya zama da kaifi, ba karyayye ba. Can ƙasan murfin kuma, masu cin .40 kan yi ɗan tabo kamar an daddaka da guduma. Kaɗan ba ya hana komai, yawancinsu na da shi. Amma tsagewa, ko a murfi ko a ƙananan ƙarafa huɗun nan da murfin ke gudu a kansu, wannan kam ba a ciniki a kanta.

Ga gwaji ɗaya da nake so, ba ya buƙatar kayan aiki. A haɗa ta, a sake tabbatarwa babu harsashi, a ɗaga baki sama. Danna kunama ka riƙe, ja murfi baya, ka sake shi a hankali. In sifirin da ke mayar da murfi gaba na da rai, murfin zai rufe da kansa har ƙarshe. Ku kalli ta dama... ta tsaya, saura ɗan ƙiris. Sifirinta ya gaji. Abin ba tsada, kuma ni ko wacce na saya sai na canza shi, amma ya ƙara tabbatar da abin da bututu ya faɗa. Don haka mai ƙujewar nan ta hagu ita ce ƙaramar yarinya a cikinsu. Makin da dillalai ke bugawa, wai "mai kyau" ko "mai kyau sosai", galibi fenti suka duba suka ba da shi.

[Hoto: an kashe fitila]

Sauran da sauri. Saitin dare, wato abin auna hari a cikin duhu: ɗigo ukun nan iskar tiritiyam mai haske ce a ciki, kuma haskenta na raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Bindigar da aka raba wa jami'ai a 2010, yau sai ka zura ido kafin ka gan su. Kar ka biya kuɗin saitin dare a kan wanda ya mutu.

Kunama. Ta Glock da aka saba tana buƙatar dannawa mai nauyin fam biyar da rabi, amma wasu ofisoshi sun sa a ƙara mata tauri. 'Yan sandan Niyok sun daɗe da mai fam 12. In ka danna ka ji kamar kana kokawa, ba lalacewa ba ce, sifirin kunamar ne aka canza, kuma mai gyaran bindiga zai mayar da shi.

Zubi kuma, wato wane ƙirar Glock ce: in ta zo da faifan ƙara kaurin mariƙi da sifiri mai hawa biyu, Gen4 ce, wato zubi na huɗu, wadda ta fito a 2010, ko kuma wadda ta biyo bayanta. Tambayi ko faifan na cikin akwati, don sau da yawa sun ɓace.

To, nawa ya dace a biya? Sabuwar Glock kan haura dala 500, irin waɗannan kuwa ana yawan samunsu tsakanin 300 da 400. Amma lissafin bai ƙare a nan ba. In ta intanet ka saya, ba gidanka za a kawo ba, sai shagon dillali mai lasisin tarayya. Can za ka cike fom mai lamba 4473, a binciki tarihinka, kuma sai ka kai shekara 21. Shi ma dillalin yana da ladansa, ga kuɗin aikowa, ga sabon sifiri, ga saiti in na ciki ya mutu. Harsashin .40 kuma ya fi na 9mm tsada, ya fi shi dukan hannu. A ganina, wanda zai riƙa zuwa filin harbi duk wata, rarar da ya samu za ta ƙare a kuɗin harsashi, gara ya ƙara kaɗan ya nemi tsohuwar Glock 17 ko 19, masu cin 9mm. Wanda kuma ya riga ya saba da .40, kasuwa tasa ce.

Sai gidan harsashi. Tambayi guda nawa za a ba ka, domin wani dillalin ɗaya tak yake sakawa, wani uku. Na Glock 22 na cin 15, kuma jihohi irin su Kalifoniya da Niyok sun taƙaita shi zuwa 10, don haka dillali ba zai aika da shi can ba. In ka ga an buga rubutu a jikinsa cewa na jami'an tsaro ne kaɗai, ragowar dokar tarayya ce ta 1994, wadda wa'adinta ya ƙare a 2004. Yanzu dokar jiharka ce abin dubawa, kuma a duba ta kafin a tura kuɗi.