Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Mako Guda a Gidan Hutu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan shiri. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Kano. Ya ce a wata tafiya da ya yi Dubai an tare shi da tallar wani ɗaki a bakin teku, aka ce ya sayi mako guda a kowace shekara maimakon ya riƙa kama otal. Yana tambaya: shin wannan mallaka ce ta gaskiya?

To Alhaji, abin iri biyu ne, kuma takardar da za ka sa wa hannu ce za ta nuna wanne aka sayar maka. A na farko, kai da wasu kuna da kaso a ginin kansa, misali mutum takwas kowa da ɗaya bisa takwas, wato kusan mako shida a shekara. Wannan kana iya sayarwa, magada ma su gada. A na biyu kuwa ko bulo ɗaya ba naka ba ne, damar kwana kawai ka saya na wasu shekaru, wa'adi na cika ta koma wa mai ita. Tsarin ya faro ne a Turai a shekarun 1960, a Suwizalan da tsaunukan Faransa, kafin ya bazu a Amurka.

Wasu na kwatanta shi da watanda, amma akwai bambanci babba. A watanda ana yanka saniya, kowa ya ɗauki kashinsa, an gama. Wannan saniyar ba a yanka ta, tana nan ɗaure tana cin dusa, kuma ku ne masu saye. Dusar ita ce kuɗin kula da gida: gyara, shara, albashin ma'aikata, haraji. Duk shekara sai ka biya, ka je ko ba ka je ba, an ba ka biza ko an hana ka, kuma yawanci hawa yake yi. Ga shi da kuɗin waje ake biya. Wanda ya shiga lokacin da dala take ƙasa da naira 500 a farkon 2023, ya wayi gari a 2024 tana sama da naira 1,500. Abin da ya fi damuna shi ne fita: masu son sayarwa sun fi masu saye yawa, da wuya mutum ya mayar da uwar kuɗinsa. Idan riba kake nema, Alhaji, nemi wata hanyar. Kuma kada ka sa hannu a zaman farko, komai shayin da aka dafa maka. A Tarayyar Turai doka ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da biyan komai ba. Tambayi ko kwana nawa dokar wurin ta ba ka.

Sai wata Hajiya daga Maraɗi, ta ce ta ji ana yin haka a Makka, ko ya halatta?

Hajiya, an yi kuwa. Hasumiyar Zamzam da ke daf da Harami an sayar da damar zama a ɗakunanta na tsawon shekara 24. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin rabon amfani da abu ɗaya tsakanin abokan tarayya ta hanyar karɓa-karɓa, suna kiransa muhaya'a, kuma Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta duba wannan ciniki a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta shi bisa sharuɗɗa. Amma ki tabbatar an rubuta miki kwanakin da kalandar Musulunci. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka makon da ya faɗo a goman ƙarshe na azumin bana, idan da watan Bature aka ƙulla shi, baɗi sai ki same shi bayan Sallah.