Furosesan saba ko na kwamfutar tebur: wanne ya dace da aikinka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa shiga Tip Toe Lane a Circle neman kayan kwamfuta, ko ya zaga shagunan Adum a Kumasi, ya san wannan magana: "Maigida, wannan fa Xeon ne, na saba ne, ƙwaya 14 gare shi." Furosesa yake tallata maka, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, saba kuwa ita ce babbar kwamfutar da ke yi wa mutane da yawa aiki a lokaci guda. A faɗa maka kuɗinsa, ka ji bai kai rabin na sabon Core i5 mai ƙwaya 6 ba. Nan take zuciya za ta fara lissafi, 14 ta fi 6, ga araha, to me ake jira? Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, duk abin da ya faɗa haka yake. Sai dai akwai tambayar da shi ba zai yi maka ba: wane aiki za ka ba injin, kuma mutum nawa ne za su dogara da shi?

Ga su nan a kan tebur. Na hagu Xeon E5-2680 v4 ne. Intel ta fitar da shi a 2016, a lokacin kuɗinsa ya haura dala 1,700. Na dama Core i5-12400 ne, na farkon 2022. Ku dubi yadda Xeon ɗin ya fi faɗi, a hannu ma ya fi nauyi. Bari in juya su. Waɗannan ɗige-ɗigen masu ruwan gwal su ne inda furosesa ke haɗuwa da madabod, wato babban allon da ake dasa dukan sassan kwamfuta a kansa. Na hagu 2,011 gare shi, na dama 1,700. Wato gurbinsu ba ɗaya ba ne, ba za ka cire wannan ka dasa wancan ba. Ranar da ka zaɓi furosesa, ka zaɓi madabod ke nan, ka zaɓi irin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da inji ke aiki da ita, har da fankar da za ta sanyaya furosesan.

To me ya karya farashin abin da ya taɓa kai dala 1,700? Manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na Amurka da Turai da Sin ba sa riƙe inji har ya mutu. Bayan 'yan shekaru sai su kwashe dubbai a lokaci guda su zuba sababbi, tsofaffin su cika kasuwa, masu nema kuwa kaɗan. Lafiyarsu ƙalau yawanci, furosesa ba abu ne mai saurin lalacewa ba. Zamani ne kawai ya wuce su.

Yanzu maganar ƙwaya, domin a nan ake yawan ruɗewa. Kowace ƙwaya ma'aikaci ce mai zaman kanta a cikin furosesa. Ku ɗauki shagon ɗinki a Nima ana saura mako guda Sallah. Shago ɗaya tela 14 gare shi, hannunsu matsakaici. Na kusa da shi tela 6 ne, amma kowanne hannunsa kamar walƙiya. In makarantar Islamiyya ta kawo kayan ɗalibai ɗari, masu 14 za su raba aiki su yi ta tafiya. Amma in kai ne ka kawo kaftani guda kana tsaye kana jira, yawansu bai amfane ka da komai ba. Sai an yanka za a haɗa, sai an haɗa za a yi wa wuya aiki. Mutum ɗaya ne zai riƙe rigar, sauran 13 suna kallo.

Mafi yawan abin da muke yi a gaban kwamfuta irin kaftanin nan ne. Ku duba allo. Na buɗe Task Manager, wanda ke nuna aikin kowace ƙwaya a akwatinta, a kan injin Xeon, sannan na ja wani babban zane a CorelDRAW, irin fostar da masu buga takardu na Newtown ke haɗawa kullum. Kun ga akwatin can na sama ya cika har baki? Sauran kuwa layinsu na kwance a ƙasa, ba abin da suke yi. Jimilla injin na nuna aikinsa bai taka kara ya karya ba, amma linzami na tsayawa, mai zane na jira. Haka Photoshop yake a yawancin ayyukansa, haka Excel, haka buɗe shafin intanet, haka wasannin ƙwallon da yara ke bugawa a shagunan gem.

A irin wannan aiki saurin ƙwaya ɗaya ne ke magana. Xeon ɗin nan yana farawa daga gigahaz 2.4, in ya ƙure ya kai 3.3. Shi kuwa i5 yana kaiwa 4.4. Ba a nan kaɗai tazarar take ba, shekara shida ce tsakaninsu, kuma a kowane bugu guda sabon yana gama aikin da ya fi na tsohon yawa. Abin da zai ba ku mamaki ma, ko a aikin da ake raba wa dukan ƙwayoyi, 6 ɗin nan da 14 ɗin can kusan kunnen doki suke yi.

Masu haɗa bidiyon biki da suna da mauludi, ku matso kusa, domin ku aka fi tallata wa Xeon. Gaskiya ne lokacin fitar da bidiyon da aka gama, manhaja na amfani da ƙwayoyi da yawa. Amma awa nawa kake yi kana yanka, kana ja gaba kana dawowa baya, kana daidaita kala? Wannan shi ne mafi yawan yininka, kuma sauri yake so. Sannan ga wani abu: Xeon E5 ba shi da sashen hoto a cikinsa ko kaɗan. In ba ka sayi katin girafik ba, allonka baƙi ƙirin zai tsaya. Shi i5-12400 yana da nasa, a ciki kuma akwai Quick Sync, wanda Intel ta fara sakawa tun 2011, aikinsa warware bidiyo da matse shi. Bidiyon H.265 da wayoyi da kyamarorin yanzu ke ɗauka, shi ke sa ya gudana sumul. A kula dai da harafin ƙarshe. In ka ga 12400F, wannan F ɗin na nufin an kashe sashen hoton, shi ma sai da kati.

To ashe furosesan saba ba shi da rana? Yana da ita, babba ma. Ku dubi waɗannan ram guda biyu. Na farko na kwamfutar tebur ne, ku ƙirga baƙaƙen ƙwayoyin da ke jere a fuskarsa, 8 ne. Na biyu kuwa 9, ga kuma wata 'yar ƙarama a tsakiya. Ta taran nan ita ce sirrin abin da ake kira ECC. Ram na ajiye komai ne da sifili da ɗaya, kuma lokaci-lokaci ɗaya kan juye ya zama sifili haka kawai, ko don tsufa, ko lahani a ƙira. Ram mai ECC yana riƙe ƙarin lissafi a gefe, in ɗigo ɗaya ya juye ya gyara shi nan take, in biyu ne ya sanar cewa an samu matsala. Wani bincike da aka wallafa a 2009 a kan injinan Google ya gano cewa sama da kashi 8 cikin ɗari na sandunan ram ɗinsu na samun kuskure a shekara.

Ga mai zanen fosta wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Mafi muni manhaja ta rufe, ya sake buɗewa. Amma ku tuna da ƙaramin asibiti mai ajiye bayanan marasa lafiya, ko makaranta mai sakamakon ɗalibai na shekaru, ko kamfanin da ke riƙe lissafin kuɗin jama'a. A can kuskuren da ba ya rufe manhaja shi ne abin tsoro. Lamba ta canza shiru, a adana ta a haka, a kwafe ta cikin ajiya a haka, sai bayan watanni a ga lissafi ya ƙi haɗuwa, ba wanda ya san daga ina. Injin da ba a kashe shi dare da rana, mutum 20 ko 30 na shiga cikinsa, shi ya cancanci ECC.

In za ka sayi ram na hannu, karanta takardar da ke jikinsa. Bayan lambar sauri, misali PC4-2400T, akwai harafi. U na kwamfutar tebur ne. E mai ECC ne mara rajista, wato ba shi da 'yar ƙaramar ƙwayar nan ta tsakiya. R kuwa na manyan saba ne, shi ya fi yawa a kasuwa, shi ya fi araha, kuma in ka sa shi a madabod ɗin Core ko Ryzen injin ba zai ko tashi ba.

Sauran fifikon a taƙaice: Xeon ɗin nan na magana da ram ta hanya 4, i5 ta hanya 2. Shi i5 ram ɗin da yake ɗauka ya tsaya a gigabait 128, Xeon na iya wuce terabait guda. Layukan haɗa katuna da faifai 40 ne a Xeon, 20 a i5. Kuma ana iya jera Xeon biyu a madabod ɗaya, ko da yake Windows Home ɗaya kawai zai gani, sai Pro. Ɗalibin Legon ko KNUST da ke koyon harkar sadarwar kwamfuta, yana son kunna injinan gwaji goma a cikin inji guda da manhajar Proxmox, shi kam tsohon Xeon da ram mai yawa garaɓasa ce. Ban ga abin da zai ba shi haka a wannan kuɗin ba. Su kuwa sababbin dodannin, irin EPYC mai ƙwaya 96 da AMD ta fitar a 2022, na bankuna ne da kamfanonin waya, ba da su muke ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, ƙarkon saba ba a cikin furosesa kaɗai yake ba. Ku leƙa bayan wannan Dell PowerEdge R730. Akwatin wuta biyu ne, ɗaya ya ƙone ɗaya ya ci gaba. Faifan ajiya ta gaba ake zaro su inji na kunne. Ga wata ƙofar waya daban, iDRAC, wadda mai kula da injin zai shiga ta cikinta daga Tamale ya kunna ko ya kashe. HP na da irinta, iLO. In ka ɗauki Xeon ka ɗora a kan madabod mai arha na X99 irin waɗanda ake haɗawa da tsofaffin sassa, ka zuba a akwatin tebur da akwatin wuta na ko-oho, duk waɗannan ba ka da su. Suna kawai ka saya. Wasu daga cikin madabod ɗin ma suna karɓar ram mai ECC ba tare da gyaran kuskuren na aiki ba.

Sai maganar da ta fi shafarmu a nan Gana, wato wuta. An rubuta wa Xeon ɗin wat 120, i5 kuma 65, ko da yake don adalci shi ma i5 na iya haurawa 117 in aiki ya yi zafi. Bambancin gaske yana lokacin da inji ke zaune ba ya komai, kuma a haka yake cinye mafi yawan sa'o'insa. Mu ɗauka tsohuwar saba ta fi kwamfutar tebur ci da wat 100. Awa 10 a rana, kwana 30, yunit 30 ke nan a wata. In ba a kashe ta, yunit 72. Kai ka san abin da mitarka ke cirewa a kan yunit, ka ninka, sannan ka ninka da wata 12. Ribar da ka ci ranar saye, mita ce za ta karɓe ta da kaɗan-kaɗan. Duk wutar nan kuma zafi take komawa, a cikin shagon kwantena da azahar. Sabar da aka ƙera don ɗaki mai na'urar sanyi, in ta ji zafin Accra sai fankokinta su ɗauki kuka, hira ma sai da ɗaga murya. Hunturu ya zo, ƙura ta toshe mata hanci. Dumsor ya zo, wato an ɗauke wuta, UPS ɗin (batirin ko-ta-kwana) da zai riƙe kwamfutar tebur ka adana aikinka cikin natsuwa, saba za ta zuƙe shi kafin ka gama neman tocila. ECC kuma ba ya maganin ɗaukewar wuta.

Ƙari a kan haka, Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Xeon E5 ba ya cikin jerin furosesan da Windows 11 ta amince da su. Ana iya yi masa dabara ya shiga, amma ba zan ɗora bayanan asibiti a kan dabara ba. Mai Linux wannan bai dame shi ba.

In Alhaji mai shagon buga takardu ya tambaye ni, ko Hajiya mai makaranta da ke son kwamfuta a ofishinta, amsata ɗaya ce: mutum ɗaya a gaban allo ɗaya, a sayi Core i5 ko Ryzen 5 na 'yan shekarun nan, ragowar kuɗin a zuba a SSD, wato faifan ajiya mai sauri, da ram da UPS mai kyau. Ko ofis mai mutum biyar da ke raba fayil, kwamfutar tebur da faifai biyu da kwafin ajiya a wani wuri daban ta ishe su. Wanda kuma ya ga lallai yana buƙatar ECC da ram mai yawa, amma ba shi da ɗakin ajiye saba, ya nemi HP Z440 ko Dell Precision T5810. Xeon ne a ciki, madabod na asali, akwati irin na tebur, ba hayaniya. Yawancin Ryzen ma na karɓar ram mai harafin E, in madabod ɗin ya yarda.

Kowanne ka tsayar, in na hannu ne, kada ka biya a kan abin da aka rubuta a jikin akwati. Ka ce a kunna maka a shagon. Buɗe CPU-Z ka ga ainihin sunan furosesan da yawan ƙwayoyinsa, ka duba ko duk ram ɗin da aka ce akwai ya bayyana. Ka tafi da MemTest86, manhajar gwada lafiyar ram, a filas, ka bar shi ya zagaya ko sau ɗaya ne, jan layi guda ya fito ka ce a canza sandar. In saba ce, zare wayar akwatin wuta ɗaya inji na kunne, ya kamata ta ci gaba da aiki ba ko ƙiftawa. Sannan ka nemi a rubuta maka kwanakin garanti a jikin rasit.