Kafin a Haƙa Harsashi: Lacca Kan Tsara Ƙasan Gidan Iyali

Jama'a, barkanku da zuwa. Na san a cikinku akwai waɗanda suka sayi fili, wasu ma har sun fara tara bulo, don haka maganar yau ta zo a kan gaɓa. A hawa na ƙasa kaɗai za mu tsaya. Dalili kuwa, shi ne wurin da gyara ke komawa rushe-rushe. Bututun ruwa a ƙarƙashin daɓensa suke binne, ginshiƙan da ke ɗauke da bene a cikinsa suke tsaye. Bangon ɗaki a sama kana iya matsar da shi bayan shekara goma, amma banɗakin ƙasa inda ka dasa shi nan zai zauna.

Yawanci idan mai gida ya zauna da mai zane, tambayarsa ta farko ita ce girman falo. Ni kuwa ina roƙonku ku ajiye wannan tambayar tukuna. Ku fara da ƙafafun mutanen gidan. A ɗauki takarda da fensir, miji da mata su zauna tare, a ja layin hanyar da kowa ke bi daga safe zuwa dare. Wanda ya shigo da kaya niƙi-niƙi a hannu biyu, ta ina zai kai su sito? Idan sai ya ratsa tsakiyar falo, ya bi ta gaban baƙi, ya tura ƙofa da gwiwar hannu, ƙofar kuma ta daki firji, to zanen nan bai nuna ba tukuna, komai kyansa a takarda. Kicin yana son ƙofarsa ta waje, kusa da inda ake sauke kaya da inda ake fitar da shara. Baƙo kuma ya iya isa banɗaki ba tare da ya leƙa ɗakunan kwana ba.

Tunda mun shiga kicin, bari mu ɗan daɗe a ciki, domin nan ne aka fi zirga-zirga a duk gidan. Tun a shekarun 1940 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka suka fito da ma'aunin da har yau ake aiki da shi: murhu, wurin wanke-wanke da firji su zama kusurwa uku, tazarar da ke tsakaninsu in an haɗa ta kada ta gaza mita 4, kada kuma ta wuce wajen mita 8. Ta gaza, mutum biyu sai gogayya. Ta wuce, mai girki ya wuni yana safa da marwa. Kantar aiki tsayinta santimita 90, faɗinta 60. Tsakanin kanta da kanta a bar santimita 120, yadda wani zai durƙusa ya buɗe kabad wani kuma ya wuce ta bayansa. Kuma don Allah a sa taga ta inda mai wanke-wanke zai riƙa hango yara a tsakar gida. Ƙaramin abu ne, amma iyaye sun san darajarsa.

Wuraren ruwa a tara su gefe guda. Kicin, banɗaki da wurin wanki su jingina da juna, banɗakin sama ya hau kan na ƙasa. Bututun da ke fitar da ƙazanta yana buƙatar gangara ta kusan santimita 2 a kowace mita, saboda haka duk tsawon da ka ƙara masa, zurfin haƙa ka ƙara, wuraren toshewa ka ƙara.

Sai matakala, wadda mutane ke mantawa da ita har sai an gama raba ɗakuna, sannan a cusa ta a lungu. Wani masanin gini Bafaranshe na ƙarni na 17, François Blondel, ya bar mana lissafi mai sauƙi: tsayin taki sau biyu, a haɗa da faɗinsa, ya ba da wajen santimita 63. Ku lissafa da ni. Idan daga ƙasa zuwa bene mita 3 ne, taki 17 kake buƙata, kowane kusan santimita 18. Faɗin kowane 27, miƙaƙƙiyar matakala za ta ci fiye da mita 4 na tsawon daɓe. Wannan fili ne babba, dole a ware shi tun farko. In ba haka ba magini zai matse ta, kuma gwiwoyinku ne za su biya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Gidan da za ka gina kana da shekara 35, a cikinsa kake fatan tsufa. Kafin nan ma akwai mahaifi ko mahaifiya da za su iya dawowa hannunka, akwai mai jego, akwai wanda zai karye a ƙafa. Lallai a samu ɗakin kwana guda a ƙasa da banɗakinsa. Ƙofofinsu su kai santimita 90, a bar filin mita ɗaya da rabi a banɗakin, domin keken guragu ya iya juyawa. Yau kana iya mayar da shi ɗakin karatu ko na baƙi, ba asara ka yi ba.

Rana da iska kuma, a taƙaice: bangon yamma shi ke shan zafin la'asar, a ba shi sito, matakala ko gareji. Kowane ɗakin zama ya samu taga a ɓangare biyu don iska ta ratsa. Daɓen gida ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15 saboda ruwan sama da danshi.

Idan zane ya kammala, kada a kira masu haƙa tukuna. Ku je filin da igiya, turaku da tef, ku fitar da kowane ɗaki da ainihin girmansa. Ku shata inda gado da kujeru za su zauna, ku bi ta kowace ƙofa da ƙafarku, ku tafi da duk wanda zai zauna a gidan. Abin da bai yi ba a gyara shi a takarda, injiniya ya sake duba ginshiƙai, sannan a sa diga. Yanzu sai mu karɓi tambayoyi, mu fara daga layin baya.