Kayan Miya Sun Fi Ƙarfin Tukunya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Daren Asabar na zauna da wasu ɗaliban wasan kwaikwayo a Samaru, muka kalli wani fim ɗin Amurka na 1999, Cradle Will Rock, wanda Tim Robbins ya shirya. Kafin a kai rabi, biyu sun sulale wajen mai shayi, ɗaya ya jingina da bango yana gyangyaɗi.

Abin haushin shi ne labarin kansa ba shi da makusa. A 1935, da talauci ya yi wa Amurka katutu, gwamnatin Roosevelt ta ɗebi dubban 'yan wasa marasa aikin yi tana biyansu albashi, ta ɗora Hallie Flanagan a kansu. A watan Yunin 1937 hukuma ta garƙame gidan da 'yan wasan gwamnatin za su nuna wani wasan waƙa mai goyon bayan 'yan ƙwadago a New York. 'Yan wasa da 'yan kallo suka taka da ƙafa zuwa wani gidan. Da yake ƙungiyarsu ta hana su hawa dandamali, kowa sai ya miƙe daga kujerarsa a tsakiyar jama'a ya rera nasa baitin, marubucin shi kaɗai a sama yana kaɗa fiyano. Wannan daren kaɗai ya isa fim guda.

Robbins bai ƙoshi ba. Ya jawo rigimar mai zane Diego Rivera da attajiri Rockefeller, wadda aka yi tun 1933, ya cusa. Attajirai duk mugaye, masu fasaha kusan duk waliyyai, wa'azi kuwa har kunne ya gaji.

Tambayar da ke ci mana tuwo a ƙwarya ita ya tsallake: wanda ya ci ladan kuturu, yana da bakin ƙin yi masa aski? Majalisar Amurka ta yanke kuɗin 'yan wasan a 1939 bisa zargin gurguzu. Mu ma mun san wannan. A 1964 gwamnatin Jihar Yamma ta haramta wasannin Hubert Ogunde, shahararren ɗan wasan kwaikwayon Yarbawa. Nan kuma, dandalin wasan kwaikwayo mai ginin laka na Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka sha caccakar masu mulki, da kuɗin gwamnati jami'ar ke numfashi.

Da fim ya ƙare, mai gyangyaɗin nan ya murtsuke ido ya ce, "Malam, wai da gaske albashi ake biyansu duk wata?"